Bayan Wata Tara

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren Issufu ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen layinmu a kasuwar Tamanrasat ba za su ƙyale ni ba. Kowa ya ba da labarin nan da bakinsa, har waɗanda ba su je ba, wasu ma da ƙarin gishiri. Gara ni ma in faɗi nawa.

Daga Damagaram na zo garin nan, bayan na gama lekkol, wato makarantar boko, na ɗan taɓa karatun kwamfuta. Kawuna Lawali ne ya kira ni in riƙe masa ɓangare ɗaya na shagonsa. Shi yana gyaran salula, ni kuma ina wanke hotuna. Yawancin masu zuwa wajena 'yan uwanmu ne masu aikin gini, su shigo da siminti a gira, su zauna gaban farin ƙyalle, su ce in gyara musu fuska don za a aika gida. Aiki ne mai rufin asiri, amma ni a raina na fi ƙarfinsa. A layin ana kirana Injiniya (gaskiya ni na fara kiran kaina haka, sauran suka ɗauka, kuma sai daga baya na gane ba duka ne ke faɗa don girmamawa ba).

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne mutum ya kawo waya cike da hotuna a hargitse, ya ce in fitar masa da na bikin sallar bara. Sai na zauna na rubuta wata 'yar manhaja da za ta jera hotuna daga na farko zuwa na ƙarshe da kanta. Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. Duk hoton da kyamara ko salula ta ɗauka, tana cusa wani ɗan rubutu a cikinsa wanda ido ba ya gani: irin na'urar da ta ɗauka, da ranar da ta ɗauka, har da sa'a. Ba ni na rubuta abin da ke karanto wannan ɓoyayyen rubutu ba. Akwai wani aiki da wasu masana suka riga suka yi suka sa a intanet kyauta, kowa ya ɗauka ya ɗora nasa a kai. Masu sana'ar suna ce wa irinsa laburare, duk da babu littafi ko ɗaya a ciki. Ka miƙa masa hoto ka ce yaushe aka ɗauki wannan, ya ba ka amsa.

Sai dai wani lokacin amsar da yake bayarwa ita ce: babu. Musamman hotunan da aka turo ta manhajojin hira, don a hanya ake share musu ɓoyayyen rubutun nan, su iso tsirara. To mutanenmu kuwa rabin hotunansu turowa aka yi. Wannan "babu" ta riƙa ba ni haushi. Ina Injiniya, mutum ya tsaya a kaina, na'ura ta ce ba ta sani ba? Na buɗe cikin laburaren na yi ta dubawa, sai na tuna ai kowane fayil ma yana da tasa ranar, wato ranar da ya sauka a cikin waya ko kwamfuta aka ajiye shi. Na ce shi ke nan. Na yi masa faci: in ba a sami ranar ɗauka ba, a ɗauko ranar ajiya a ba da ita a matsayin ranar ɗauka. Daga ranar manhajata ba ta sake cewa babu ba. Kowane hoto ka ba ta, za ta faɗa maka rana, babu ko inda-inda.

Daɗi ya kama ni har na aika wa masu laburaren facin nawa, don duniya ta amfana. Na ma riga na gaya wa Kawu cewa sunana ya kusa shiga cikin manyan masana. Da amsa ta zo, wata mata ce ta rubuto, ban san ƙasarta ba, ban taɓa ganin fuskarta ba. Ta yi godiya da ladabi, sannan ta ce ba za su karɓa ba. Ranar da fayil ya sauka a na'ura daban, ranar da aka ɗauki hoto daban, in ji ta, kuma gara a gaya wa mutum ba a sani ba da a ba shi ranar ƙarya ya ɗauka gaskiya ce.

Na karanta, na yi tsaki. Na ce wa Kawu hassada ce kawai, sun ga baƙin mutum daga Sahara ya gano abin da suka kasa. Kawu bai ɗago daga wayar da yake kwancewa ba, ya ce, "To Allah ya kyauta." Na ci gaba da amfani da facina.

Issufu abokina ne, ɗan Alhaji Mamman mai shagon yadi a bakin layinmu. Tare muke shan shayi kullum da la'asar wajen wani Buzu maƙwabcinmu. Da aka sa ranar aurensa da Balkisa, 'yar wasu mutanen Maradi da suka daɗe a garin, ni na kai kaina. Na ce masa a walimarsa zan yi abin da ba a taɓa yi a unguwar ba: zan haska tarihinsu a bango da majigi, hoto bayan hoto, tun daga yarinta har zuwa aure. Har na ƙara wa manhajar wata kwalliya. A hoton farko za ta rubuta rana, daga nan kuma a ƙarƙashin kowane hoto ta lissafa tazarar da ke tsakaninsa da wanda ya gabace shi, ta rubuta da manyan baƙaƙe: Bayan sati biyu. Bayan shekara ɗaya. Kamar a fim.

Issufu ya ce, "Injiniya, ka tabbata? Ka san Goggo Hajara za ta zo."

Goggo Hajara yayar Alhaji ce. Tun farko ba ta so auren ba, don tana da wata 'yar ƙawarta da ta tanadar wa Issufu. Kuma akwai wani abu da ya kamata ku sani: bayan an yi gaisuwar iyaye, Balkisa ta tafi Maradi jinyar kakarta, ta yi watanni masu yawa ba ta garin. Kowa ya san dalili, amma Goggo ta riƙa cewa ita dai ba ta taɓa ganin jinya mai tsawo haka ba.

Na ce masa, "Bar ni da ita. Har ita sai ta tafa."

Yawancin hotunan ba su iso hannuna ba sai ranar walimar da hantsi. Issufu ya kwaso wasu daga wayarsa, wasu daga tsohuwar wayar da ya daina amfani da ita, na yarintarsa kuma na takarda ne da na riga na saka a sikana, na'urar shigar da hoton takarda cikin kwamfuta, a cikin satin. Ba su da yawa, don gidajen biyu ba masu son a yi ta haska 'yarsu ba ne. Na zuba su a manhaja, ta ce ta gama, na rufe kwamfuta. Ban kalla ba. Ko sau ɗaya ban kalla ba. Na gwada ta da hotunan kyamarar shago ta yi daidai, to me zan tsaya dubawa? Lokacin da ya kamata in duba, a wajen tela na ƙarar da shi, ina jiran ya gama mini wuyan riga.

Bayan sallar magariba aka taru a farfajiyar gidan Alhaji. Maza a kan tabarmi ta gefen ƙofa, mata ta can ciki wajen rumfa, amarya a tsakiyar ƙawayenta da lulluɓi. An ci shinkafa da naman rago, ana ta zagayawa da shayi. Akwai 'yan kasuwa, akwai maƙwabta Larabawa da Buzaye, har da wani dattijo da ya taho tun daga ƙauyen Hirafok, wanda Alhaji ke sayen kayan lambu a wajensa. Aka rataya farin zanen gado a bango. Mai lasifika ya sanar cewa yanzu Injiniya zai nuna abin mamaki. Na miƙe cikin sabuwar shadda, na ɗaga wa jama'a hannu (wallahi na ɗaga), na danna.

Hoton farko ya fito. Issufu ne da gemunsa, ya jingina da mota a cikin wani lambu, yana riƙe da salula a kunne. A ƙasa an rubuta: 1 Janairu 1970.

Aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Alhaji, ashe ango ya girme ka!" Wani ya ce a tambayi ango sirrin, don shi ma yana son ya tsufa haka. Ni na san abin da ya faru. Tsohuwar wayar ce agogonta ya rikice ya koma sifili, kuma a lissafin kwamfuta sifili shi ne farkon 1970. A nan ne mai hankali zai tsayar da komai ya ce a ba shi minti biyu. Ni kuwa da na ga ana dariya har Alhaji na murmushi, sai na yi kamar da gangan na shirya. Har na ɗan rusuna.

Hotuna suka ci gaba. Issufu a shago, Issufu a kan dutse ya naɗa rawani irin na Buzaye bai iya ba. Sannan hoton ranar gaisuwa: shi a wannan gefe, Balkisa a wancan, kowa ya sunkuyar da kai, iyaye a tsakiya. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni a lokacin ba bangon nake kallo ba, fuskokin mutane nake bi ina tattara yabo. Don haka ban ga hoton da ya biyo baya ba. Shirun na fara ji. Guɗar ta yanke a tsakiya kamar an ɗauke wuta.

Na juya. Balkisa ce zaune a bakin gado, da ɗaurin ƙirji da mayafi a kafaɗa, ta rungume jariri sabon haihuwa cikin tawul, tana kallonsa tana murmushi. A ƙasa, da baƙaƙen da na zaɓa da kaina don a iya karantawa daga ƙofar gida:

Bayan wata tara.

Na ji ƙarar kofin shayi da wani ya ajiye a tire. Waɗanda ba su iya karatun boko ba suka riƙa taɓa na kusa da su, ana raɗa musu. Na ji wani yana fassara wa dattijon Hirafok da Buzanci, dattijon ya gyara rawaninsa ya kalli ƙasa. Sai muryar Goggo Hajara ta taso daga rumfa, a hankali, irin ta wadda aka biya wa bukata.

"Ikon Allah. Wannan ce kakar da aka je jinya?"

Na danna na tsayar da majigin, wanda ke nufin hoton ya tsaya cak a bangon, ya ƙi tafiya. Sannan na yi abin da ya fi facin muni. Na karɓe makirfo daga hannun mai lasifika.

"Jama'a, a yi haƙuri," na ce. "Ba laifin amarya ba ne."

(Kawu ya gaya mini daga baya cewa har zuwa lokacin babu namijin da ya ambaci laifi, sai da na faɗa a lasifika.)

"Abin da ya faru shi ne, an share bayanan asali. Shi ya sa ba a san ainihin ranar da aka yi ba."

Wani ya ce, "Aka yi me?"

"A'a, ina nufin, ranar da kuke gani ba ranar da abin ya faru ba ce. Ranar da ta aiko wa ango ne daga Maradi, shi kuma ya karɓa ya ajiye. Ai yana wajensa tun tuni, shi ya kawo mini da safen nan."

Salati ya tashi ta ko'ina. Alhaji ya juya ya kalli ɗansa. Issufu kuwa sai nuna bangon yake yana nuna ni. Ta ɓangaren mata na hango amarya ta kifa kai a cinyar ƙawarta, kafaɗunta na rawa. Mahaifiyarta ta miƙe tsaye tana gyara mayafi, kuma duk wanda ya ga yadda ta miƙe ya san in ta fita daga gidan nan, da 'yarta za ta fita. Gumi ya jiƙa mini sabon wuyan riga. Ina ta cewa "fayil, fayil nake nufi," amma makirfon ya zame ƙasa da haɓata, babu mai ji.

Allah ya taimake ni da Rakiya, yayar amarya. Tana can bayan gida wajen tukwane, hayaniya ce ta fito da ita, da ludayi a hannu. Ta kalli bango, ta kalli jama'a, ta ce, "Me ake wa salati? Wannan ai Nana ce."

Goggo ta ce, "Wace Nana?"

"Nana tawa mana, Goggo. Ranar sunanta ne a Maradi, a kan gadona. Lokacin Balkisa ko sunan Issufu ba ta taɓa ji ba." Ta juya ta ƙwala kira. Wata yarinya da ta isa shiga makarantar allo ta fito daga cikin mata, bakinta duk maiƙo, tana riƙe da ƙashin rago. Rakiya ta kama hannunta ta kawo ta gaban zanen gadon, cikin hasken majigi, ta ce, "Ga jaririyar. In wata tara ne ya yi wannan, to a ba ni maganin in sayar."

Sai a lokacin Issufu ya sa baki. Ya ce hoton ne ya fi so a duk hotunanta, shi ya roƙe ta ta turo masa lokacin tana Maradi. Aka fara sauke numfashi. Mahaifiyar amarya ta koma ta zauna, amma ba ta daina kallona ba. Alhaji ya ce, "Injiniya, kashe abin nan haka." Na ce to, Baba. Na kai hannu kan kwamfuta, maimakon in rufe, sai na danna na gaba.

Wani jaririn ya fito. Wannan tsirara yake haihuwar uwarsa, zaune a cikin bahon wanka, ƙato da shi, yana kuka. A ƙasa: Bayan wata biyar.

Goggo Hajara ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Biyu ne?"

Hajiya, uwar ango, ta leƙo ta ƙura wa bangon ido. Ta ce, "A'a, Yaya. Wannan kam nawa ne. Angon ne."

Hoton yarintar Issufu ne, wanda na saka a sikana cikin satin. Tunda a satin ya shiga kwamfuta, manhajata ta yanke hukuncin cewa a satin aka haife shi.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Maza suka kwanta a kan tabarmi. Dattijon Hirafok, da aka fassara masa, sai da ya sauke rawani daga bakinsa don ya sami iska. Amarya da ke kuka ta ɗago ta ga mijinta a baho, kukan ya juye ya zama wani abu daban, ƙawayenta na riƙe ta. Har Goggo sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba, ni da ango. Na rasa maɓallin kashewa gaba ɗaya, sai Kawu ne ya taso ya fizge wayar wutar daga bango.

Washegari Kawu ya tasa ni gaba, muka je gidan Alhaji, muka je gidan iyayen amarya. Na durƙusa na ba da haƙuri, kuma wannan karon Kawu ya gargaɗe ni tun a hanya cewa in na kuskura na ce "fayil" zai bar ni a can. Mahaifiyar Balkisa ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ɗana, da Rakiya ta tafi sayen gishiri a lokacin nan, da yanzu wani zancen ake." Gaskiya ta faɗa. Abin da ake dariya a kansa yau, saura kaɗan ya ɓata sunan yarinyar da ba ta yi mini komai ba.

Issufu ya yi makonni ba ya zuwa shayi. Da ya dawo, bai yi maganar wata tara ba sam. Bahon ne ya tsaya masa a rai, don har yau in ya yi wa wani tsada a shago sai a ce masa a kawo ruwan zafi ne? Ni kuwa suna ya canja. Babu mai ce mini Injiniya yanzu. Wata Tara ake kirana, har da yaran da aka haifa bayan abin.

Na cire facin a satin. Yanzu in hoto ba shi da ranar ɗauka, manhajar tana ware shi gefe, in kira mai shi in tambaye shi. Sau da yawa shi ma sai ya ce bai sani ba, mu bar shi a haka, kuma ban ga wanda ya mutu ba.

Bara na je neman aure. Aka yi bincike, aka ce ba ni da matsala, ina salla, ina da sana'a. Sai uwar yarinyar ta aiko a tambaya ko ni ne wanda ya yi majigi a gidan Alhaji Mamman. Ashe tana cikin rumfar a ranar. Aka ce ni ne. Ta ce ta amince, amma da sharaɗi ɗaya: ranar biki a ɗauko mai hoto daga wata unguwa, ni kuma a zaunar da ni nesa da duk wani abu mai waya.

Na karɓi sharaɗin hannu biyu. Abin da na koya dai bai da yawa: in ba ka san ranar da abu ya faru ba, ka ce ba ka sani ba. In kuma ka riga ka yi ɓarna a gaban jama'a, ka ga makirfo a kusa, ka zauna a kan hannuwanka.